Lambobi Biyu na Malam Sallau

Jama'a, ku ɗan gyara zama, na baya su matso. An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Malam Sallau. Ba malamin zaure ba ne, ba kuma attajiri ba ne. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Shi ke goge ma'aunai, shi ke jera wa ɗalibai kayan aiki, idan sun gama ya tattara ya kulle ƙofa. Da za ku gamu da shi a hanya a kan tsohon babur ɗinsa, da koɗaɗɗiyar hularsa, ba za ku waiga ba. Abin ya kwana biyu, tun kwamfuta ba ta shiga kowane ofis ba.

To, bayan aikin kwaleji, wannan bawan Allah yana da wani aikin da ba wanda ya ɗora masa. Bari in yi muku bayaninsa a taƙaice, don na san akwai dattawa a cikinmu.

Akwai wata manhajar kwamfuta da wasu masana suka haɗu suna ginawa, kowa daga garinsu, wasu ma ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Aikinta lissafin yadda abubuwa ke motsi. Ka gaya mata nauyin dutse da gangaren tudu, ta nuna maka inda zai mirgina ya tsaya. Ka gaya mata yawan ruwa da irin ƙasar da ta tare shi, ta gaya maka ko ƙasar za ta riƙe ko za ta zabtare. Kafin a zuba tifa ɗaya ta yashi, an riga an gwada ginin a cikin kwamfuta. Kuma kyauta suke ba da ita, duk mai so ya ɗauka.

Sai dai ainihin cikinta, wanda su suke kira injin, an rubuta shi da wani yaren kwamfuta mai wuyar gaske, sai gwanaye. Malamin makaranta ba zai iya magana da shi ba, injiniyan ƙaramar hukuma ma haka. Shi ya sa aka yi masa abin da suke kira gada. Mutum ya rubuta layi biyar ko shida cikin yare mai sauƙi, gadar ta ɗauki maganarsa ta kai wa injin, ta karɓo amsa ta dawo masa da ita. Ku ɗauka kamar tafinta ne tsakanin mara lafiya da likitan da ba ya jin Hausa. To, wannan gadar ita ce a hannun Malam Sallau. Shekara goma sha ɗaya tana hannunsa.

Ku saurara ku ji irin aikin. Masu injin ba sa zama. Yau sun ƙara wannan, gobe sun sauya wancan, kuma duk sanda suka taɓa injin, gada ta karye. Sai Malam Sallau ya zauna ya bi ta layi-layi yana ɗaurewa. Ya gama, ya numfasa, bayan wata uku su sake sauyawa, ya sake komawa farko. Daga sallar la'asar zuwa magariba yana kanta. Asabar tun daga hantsi yana kanta. Wuta ta ɗauke, ya yi ta kallon batir yana sauka. Saƙonni kuwa ba sa yankewa. Wannan ya ce, "Abinku ba ya aiki." Bai ce ina ba, bai ce yaushe ba. Wancan ya ce, "Sati biyu ke nan da na yi magana, wai me kuke yi ne?" Kamar shi ya ɗauke shi aiki. Malam Sallau ya amsa wa kowa, ya ba kowa haƙuri. Idan kuma aka yi nasara, aka rubuta takardar bincike, sai a gode wa masu injin. Wa ke tuna tafinta bayan mara lafiya ya warke?

Ya gaji. Ba zan ɓoye muku ba, ya gaji. Idonsa ya fara yi masa yaji, bayansa ya riƙe. Sau nawa ya rufe kwamfutar ya ce shi ke nan, ya bari. Washegari sai ya tarar da saƙon wani malamin sakandare yana neman yadda zai nuna wa ɗalibansa faɗuwar abu daga sama, sai ya ce, to, bari in taimaki wannan kaɗai. Haka shekarun suka tafi.

A shekara ta goma sha ɗayan ne Allah Ya kawo wata ƙofa. Akwai Dakta Lawandi, malami a kwalejin, shi ne jagoran aikin a nan ƙasar, kuma shi ya fara koya wa Malam Sallau harkar. Wata rana ya kira shi ofis, fuskarsa a sake.

Ya ce, "Malam Sallau, wahalarka ta kusa ƙarewa. Wata gidauniya za ta ɗauki nauyin aikin nan. Na sa sunanka a matsayin mai kula da gada. Za ka bar goge ma'aunai, wannan ya zama aikinka na safe zuwa yamma. Nan da kwana goma sha biyu kwamitinsu zai zauna."

Malam Sallau ya russuna. Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, ranka ya daɗe." Ranar, a karo na farko cikin shekaru, ya biya ta wajen mai tsire kafin ya isa gida.

Asabar ta zagayo. Masu injin sun sake wani sauyi kamar yadda suka saba, ya zauna da hantsi yana bin gada layi-layi. Ya iso wani lungu da ba a cika shiga ba, wurin lissafin madatsar ruwa irin ta ƙasa, wadda ake yi da jar ƙasa da yumɓu. A wurin nan mai amfani yana ba da lambobi biyu. Ɗaya ƙarfin ƙasa tana bushe. Ɗaya ƙarfinta bayan ta sha ruwa ta ƙoshi. Ku manoma kun fi kowa sanin ba ɗaya ba ne. Ƙasar da ke fasa fartanya a rani ita ce take zamewa ƙarƙashin ƙafarka a tsakiyar damina.

Malam Sallau ya dubi layin. Ya sake dubawa. Ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Gadar tana karɓar lambobin daidai, amma wajen miƙa wa injin sai ta juya su, ta farko ta koma ta biyu, ta biyu ta koma ta farko. Ma'ana, duk wanda ya tambaya ko madatsarsa za ta riƙe bayan ta jiƙe, injin yana ba shi amsa ne da ƙarfin busasshiyar ƙasa.

Ya ce a ransa, wataƙila idona ne. Ya haɗa wata madatsa ta gwaji. Ya bi ta gada, amsa ta fito, ta tsaya daram. Ya juya lambobin yadda ya kamata, ya sake bi. Yana kallo a fuskar kwamfutar, gefen madatsar ya sulale ya zube. Ya sake sau uku, sau uku tana zubewa.

Ita manhajar tana ajiye tarihin kowane layi, wa ya rubuta, kuma yaushe. Ya buɗe tarihin, zuciyarsa tana fatan ya ga sunan wani. Sunansa ya gani. Shekara huɗu da suka wuce.

To ku saurara, a nan jarrabawar take. Gyaran bai kai minti biyu ba. Kalma biyu zai sauya wa wuri. Daga nan sai ya haɗa da sauran aikin ranar, ya rubuta a kai, "ƙananan gyare-gyare," ya tura. Ba wanda zai duba. Shekara huɗu ba wanda ya gani, wa zai gani yanzu? Kuma ai ba ƙarya ya yi ba, in ji zuciya. Ai ya gyara. Kun san muryar nan. Dukkanmu mun san ta. Ba ta cewa ka yi sata, sai dai ta ce, "Ai ka gyara, mene ne kuma na tonawa?"

Har ya ɗora yatsunsa, sai ya tuna wata mata. Injiniya Balaraba, ma'aikaciyar ruwa a wata jiha. Shekara biyu da suka wuce ta turo masa tambayoyi a kan wannan lungun, ya amsa mata. Bayan wasu watanni ta turo hoto: madatsar ƙasa, ruwa ya kwanta a bayanta, a ƙarƙashinta kuma rufin gidaje na ƙauyuka biyu. Ta rubuta, "Mun gama, Malam, Allah Ya biya ka." Gyaran da zai yi yau zai amfani wanda zai yi lissafi gobe. Amma wadda aka riga aka gina fa? Tana nan tsaye a kan lambobin da ya juya. Damina biyu da ta gani duk ba a yi ruwa sosai ba. Yanzu kuma saura wata biyu hadari ya fara haɗowa.

Ya rufe kwamfutar, ya hau babur, sai gidan Dakta Lawandi. Ya same shi ya dawo daga azahar. Suka zauna a zaure, ya nuna masa komai.

Dakta ya duba komai a tsanake. Ya murza idonsa, ya ce, "Wa ya sani bayan ni da kai?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To gyara shi yau. Bayan kwamiti ya zauna, sai mu san yadda za mu sanar."

Malam Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, bayan kwamiti ya zauna akwai sa hannu. Bayan sa hannu akwai rahoton farko. Kullum za a sami dalilin jira. Ita kuma damina ba ta san da kwamiti ba."

Dakta ya ce, "To kira matar nan a ɓoye ka gaya mata. Ba sai duniya ta ji ba."

"Ita na sani. Waɗanda ban sani ba fa? Kyauta muke bayarwa, ba mu rubuta sunan masu ɗauka ba."

Kada ku ɗauka Dakta Lawandi mugu ne. Ba mugu ba ne. Shi ma gajiyayye ne. Shekara shida yana rubuta takardu yana neman wannan tallafin, ana mayar masa. Ya dubi Malam Sallau, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, "Sallau, ka san abin da za su ce? Za su ce mun damƙa aiki mai haɗari a hannun mai goge ma'aunai. Ni ba kaina nake ji ba. Kai nake ji. Ka je ka yi tunani."

Malam Sallau ya koma gida bayan la'asar. Matarsa Tasalla tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta dube shi sau ɗaya ta san akwai magana. Ya zauna a bakin tabarma ya kwashe duka ya gaya mata, har da abin da zai iya rasawa.

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya ina kallon ƙeyarka. In kawo abinci, ƙeya. A yi baƙi, ƙeya. Na yi haƙuri, na ce wata rana za a ga amfanin abin. Yau da aka zo gani, ka ce za ka je ka rushe da hannunka?"

Ya san ta faɗi gaskiya.

Ta ɗauki faifan, ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gidajen da ka ce suna ƙarƙashin ruwan, da mutane a ciki?"

Ya ce, "Da mutane."

"Da yara?"

"Ƙauye biyu ne, Tasalla."

Ta ce, "To me kake tambayata?" Ta tashi ta shiga madafa. Ya ji tana sharɓar hanci.

Washegari da safe ya kira Injiniya Balaraba. Suka gaisa, ta yi murnar jin muryarsa. Ya ce, "Injiniya, ba da labari mai daɗi na kira ba. Lissafin madatsar nan taku, akwai kuskure a ciki. Ba naki ba ne. Nawa ne." Ya yi mata bayani dalla-dalla.

Ta saurare shi har ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Malam Sallau, ka san abin da ka jawo mini? Ni na sa hannu a takardar nan. Ni na tsaya gaban manya na ce na tabbatar. Yanzu in koma in ce musu me?"

"Ki ce musu ni ne. Zan rubuta, da sunana, ki kai musu."

"Sunanka zai riƙe ruwa ne?"

Ya ce, "Ba zai riƙe ba. Amma idan kin turo mini lambobinki yau, kafin la'asar mun san inda muke."

Ta kashe wayar ba sallama. Bayan awa ɗaya lambobin suka iso.

Ranar Litinin ya je ofishin Dakta Lawandi kafin ya tura komai, don ba ya son ya yi a bayan idonsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi mini rana, ba zan manta ba. Amma zan sanar. Na rubuta yadda laifin ba zai taɓa kowa ba sai ni." Ya miƙa masa takardar. Ga abin da ke ciki, ba ado: "Shekara huɗu da suka wuce na juya lambobi biyu a wuri kaza. Injin lafiyarsa lau, kuskuren a gada yake, kuma ni na yi shi. Duk wanda ya yi lissafin madatsar ƙasa a tsakanin nan, ya sake. Wanda bai san yadda zai sake ba, ya turo mini, zan yi masa. Ina neman afuwa."

Dakta ya karanta sau biyu. Ya mayar masa, ya juya kujerarsa wajen taga, ya ce, "Tura."

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce duniya ta tashi ta yi masa tafi. Ba haka aka yi ba. Kwana uku saƙonni suna zuba. Wani ya ce dama ya san aikin kyauta ba ya albarka. Wani ya ce ta yaya aka bar wanda ko digiri na biyu ba shi da shi ya taɓa irin wannan wuri. Wani ɗalibi da ya kusa gama bincikensa ya rubuto cewa an mayar da shi baya da shekara guda, kuma gaskiyarsa ce. Malam Sallau ya karanta duka. Bai kare kansa ba. Wanda ya turo lissafi ya sake masa, wanda ya turo zagi ya ba shi haƙuri. Mutum bakwai suka turo lissafi. Biyar ba matsala. Ɗaya ba a fara ginin ba tukuna, aka sauya zane. Ta bakwai ita ce ta Injiniya Balaraba, kuma tata ta fi kowacce tsanani. Gefen madatsar ya yi tsaye da yawa. Idan ta cika maƙil kuma ta jiƙe har ciki, lissafi ya nuna tana bakin zamewa.

Malam Sallau ya ɗauki hutunsa na shekara, ya hau motar haya ya je can. Sati uku yana wurin. Ba ya iya tuƙa tifa, ba ya iya sarrafa katafila, amma duk sauyin da injiniyoyi suka kawo, yana zaune ƙarƙashin wata tsamiya da kwamfuta a cinya yana gwadawa. Lokaci bai isa a faɗaɗa madatsar duka ba. Sai aka jibge duwatsu a gindinta, aka kuma rage tsayin mafitar ruwa don kada ta cika a wannan shekarar. Kun san ma'anar haka? Ruwan da za a tara ya ragu. Masu noman rani, masu albasa da tumatir, wasu rabin fadamarsu za ta bushe tun kafin rani ya yi nisa. Wani dattijo ya tsaya a kansa ƙarƙashin tsamiyar ya ce, "Ku masu boko, jiya kun ce ta yi, yau kun ce ba ta yi ba. Gobe kuma me za ku ce?" Malam Sallau ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Abin da ya iya cewa ke nan.

Damina ta zo, aka yi ruwa mai yawa, madatsa ta tsaya. Wani zai tambaye ni, Malam, da bai faɗa ba, da ta fashe? Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Allah kaɗai Ya sani. Ba a yi ambaliyar da za a nuna a ce ga abin da ya hana ba. Mutanen ƙauyukan nan sun yi barcinsu, sun tashi, sun tafi gona, har yau ba su san sunansa ba.

Kwamiti kuwa ya zauna. Suka ba da tallafin, amma da sharaɗi: a nemo mai babban digiri ya riƙe gada. Aka nemo. Malam Sallau ya koma goge ma'aunai. Sabon mutumin ya zo, ya buɗe gadar, ya tarar da aikin shekara goma sha ɗaya, ya rasa ta inda zai kama. Wa zai tambaya? Ya zo ɗakin gwaje-gwaje yana jin nauyi. Malam Sallau ya jawo masa kujera. Wata huɗu yana koya masa, lungu-lungu, bai ɓoye masa ko ɗaya ba. Har wurin da ya yi kuskuren ya kai shi, ya ce, "Nan na faɗi, ka kula."

Daga nan sai Malam Sallau ya ɗauki wani aikin da ba mai so. Ya shiga rubuta ƙananan gwaje-gwaje, kowanne yana tambayar gada tambayar da an riga an san amsarta. Idan wani ya sake juya lamba, ko ya manta wata, gwajin ya kama shi tun kafin abin ya fita. Ɗaya yau, biyu gobe, daga la'asar zuwa magariba. Masu injin suna ta sauye-sauyensu, shi yana bin su da gwaji. Aiki ne mai cin rai, ba a ganinsa sai ranar da ya kama wani. Ya rubuta sama da ɗari huɗu kafin idonsa ya gaza.

Bayan shekara tara, ya yi ritaya, karatu ma sai da babban rubutu. Wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidansa. Injiniya Balaraba ce, ta zama babba a ma'aikatarsu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Tun bayan aikin madatsar nan ba su sake haɗuwa ba. Aka yi mata iso, suka gaisa, ta ajiye wasu takardu a gabansa.

Ta ce, "Malam, za mu gina wata, ta ninka waccan uku. Injiniyoyi huɗu sun duba. Ina so ka duba."

Ya yi dariya, ya ce, "Injiniya, kin manta? Ni ne fa wanda ya juya miki lambobi."

Ta ce, "Ban manta ba. Na daɗe ina jin haushinka. Amma shekara ashirin da biyu ina aikin nan, na yi aiki da mutane ba adadi, kuma na san dukkansu suna kuskure, don ni ma ina yi. Kai kaɗai ka taɓa kirana ka gaya mini."

Ya ɗauki takardun ya kai su kusa da idonsa. Sannan ya ce, "Idona ba ya gani sosai. Sai dai ki karanta mini." Ta jawo kujera, ta fara karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana cewa, "Dakata, maimaita wannan."

To jama'a, labarin ke nan. Ban kawo shi don in burge ku da kwamfuta ba, ni kaina ban iya ta ba. Na kawo shi ne saboda amana. Mu mun ɗauka amana ita ce a ba ka ajiya ka mayar. Wannan ma amana ce. Amma akwai wadda ta fi ta nauyi: ka gano ka yi kuskure a aikin da wani ya dogara da shi, ba wanda ya gani sai Allah, ka tashi da ƙafarka ka je ka faɗa. Kuskure ba ya zubar da mutum, duk ɗan Adam yana yi. Abin da ke zubar da mutum shi ne ya lulluɓe kuskurensa, ya bar ɗan'uwansa yana kwana a ƙarƙashinsa.

Kai makanike, ka tuna bayan mota ta tafi cewa ba ka ɗaure noti ɗaya ba. Kana da lambar mai motar. Me ya hana ka kira? Kai mai kemis, ka ba da magani, da yamma ka gane ba shi ne aka rubuta ba. Ka san unguwarsu. Kai magini, ka san ginshiƙin nan rodinsa bai cika ba, kuma an riga an yi filasta. Ke malamar asibiti, kai malamin makaranta da ka koyar da abu ba daidai ba, ka gano daga baya, ka wuce kamar ba a yi ba. Har mu da muke zama a gabanku muna magana, sau nawa muka faɗi abu a kan kuskure, muka ji kunyar dawowa mu gyara?

Na san kun gaji. Kowa ya gaji. Aiki ba godiya, gida ba sauƙi, kuma wanda ya faɗi gaskiya sau da yawa shi ake fara zagi. Malam Sallau ma a gajiye ya yi abin da ya yi, kuma bai sami kujerar ba. Ba zan yi muku alkawarin za a tafa muku ba. Abin da na sani shi ne, Wanda Ya ga lokacin da kake kai kaɗai da kuskurenka, Yana ganin lokacin da ka ɗauki waya, kuma ba Ya mantuwa.

Don haka duk wanda yake zaune a nan, kuma tun da na fara magana wani abu yake ta yi masa motsi a zuciya, ya san ko mene ne. Kada ya jira kowa ya tono. Idan mun shafa addu'a, ya nemi mutumin yau. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kanmu ne, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu cika da imani. Amin.